CGEIT, CISA, CRISC ko COBIT: wacce ya kamata mai aikin kwamfuta a karkara ya fara nema?

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan babbar Sallah, gari ya yi tsit don rabin maza sun tafi kasuwar Maigatari, sai ga ɗan yayana a zaure da kwamfutarsa a hammata. Shekara uku ke nan yana aiki a wani ƙaramin bankin al'umma a yankinmu na Gumel. Shi ne "mai kwamfuta" a wurin: firinta ta ƙi, shi, sabis ya ɗauke, shi, na'urar POS ta haɗiye kuɗin wata baiwar Allah, shi ake turo wa. Bayan mun gaisa ya gyara zama ya ce, "Baffa, an ce CGEIT ce babbar takarda a harkar nan. Na yanke shawara zan sayar da bijimina in biya kuɗin jarrabawar."

Na ce masa ya bar bijimin ya ci gaba da cin harawarsa tukuna. Abin da na shimfiɗa masa tun daga hantsi har aka kira Azahar shi ne nake so in rubuta, don na san akwai irinsa da yawa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da asibitoci, da makarantu, daga Ɓaɓura har Gwaram.

Takardun shaidar ƙwarewan nan huɗu duk na ƙungiya ɗaya ne, ISACA, wadda aka kafa a Amurka a 1969, tana kuma da rassa a Legas da Abuja. CISA ce babbar yayarsu, tun 1978 take, ta masu binciken tsarin kwamfuta ce, wato oditocin fasaha. CGEIT, ta shugabancin fasaha, ta zo a 2007, CRISC, ta kula da haɗarin fasaha, a 2010. COBIT kuwa asalinsa ba takarda ba ne, kundin tsari ne da aka fara fitarwa a 1996, aka yi ta sabunta shi har zuwa wanda ake kira COBIT 2019, kuma akwai ƙaramar jarrabawar matakin farko a kansa.

Kafin a yi maganar kuɗi sai an fahimci abin da ake nufi da shugabancin fasaha, don nan mutane ke ɓata. Na tambayi yaron nan wa ke yanke shawara a gandun gidanmu. Ya ce Alhaji. Alhaji ne ke duba ƙasa da yanayin damina da abin da ke rumbu, ya ce bana gero a nan, riɗi a can, ya raba taki, ya ce kada a ci bashin da ya wuce kaza, sannan da yamma ya zagaya ya ga an yi abin da ya ce ko ba a yi ba. Shekara nawa rabon Alhaji da riƙe fartanya? Masu huɗa da noman firi da maimai su ne 'ya'ya. To wannan shi ne bambancin shugabanci da gudanarwa, kuma a kansa aka gina COBIT. Daraktoci aikinsu uku ne: su auna, su ba da umarni, su sa ido. Manajoji da ma'aikata su tsara, su gina, su tafiyar, su kawo rahoto. Cikin manufofi 40 da kundin ya jera, biyar kacal ne na shugabanci, sauran 35 na gudanarwa ne. Har gayauna akwai a harkar: ma'aikacin da ya buɗe nasa ɗan fayil na Excel yana ajiye bayanan kwastomomi ba da sanin kowa ba, ko reshen da ya sayi manhajarsa a ɓoye. Mai gandu na ƙwarai bai hana gayauna ba, amma ya san inda take, ya kuma san ba da takin gandu ake ciyar da ita ba.

CGEIT takardar masu zama kusa da Alhaji ce. Jarrabawarta tambayoyi 150 ne na zaɓi cikin awa huɗu, an kasa su gida huɗu: tsarin shugabancin kansa ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari, tabbatar da cewa kuɗin da aka zuba a fasaha ya haifi amfani kashi 26, daidaita haɗari kashi 19, sarrafa dukiyar fasaha da ma'aikata kashi 15. Babu tambayar yadda ake haɗa waya ko gyara saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis. Bari in ƙirƙiro misali irin salonsu. Banki ya kashe maƙudan kuɗi a sabuwar manhaja, shekara biyu ba a ga canji ba, me ya kamata daraktoci su fara yi? Mai gyara zai ce a kira kamfanin da ya sayar, ko a ƙara horar da ma'aikata. Duk biyun ba laifi ba ne, amma amsar da ake nema ita ce a koma ga takardar da aka kafa hujjar sayen da ita, a ga wane amfani aka yi alkawari, da me za a auna shi, wa aka ɗora wa alhakinsa. Yawancin tambayoyin haka suke: amsoshi biyu ko uku duk daidai ne, ana neman wadda ta fi, ko wadda za a fara da ita. Wanda hannunsa ya saba da sukudireba zai riƙa zaɓar amsar gyara, yana faɗuwa yana mamaki.

Amma ba wahalar tambayoyi ce ta sa na hana shi ba. Cin jarrabawa daban, samun takarda daban. Bayan ka ci, sai ka kawo shaidar ka yi shekara biyar kana ba da shawara ko sa ido a kan shugabancin fasaha, aƙalla shekara ɗaya daga ciki a kan kafa tsarin ko tafiyar da shi, kuma wani na gaba da kai ya sa hannu ya tabbatar. Digiri ba ya rage maka ko wata ɗaya. Sannan daga ranar da ka ci, shekara biyar aka ba ka ka nemi takardar, in ta wuce sakamakon ya bi ruwa. Na ce masa ya lissafa da kansa. Shekarunsa uku na gyaran firinta ba sa cikin lissafi. Ko da gobe aka ɗauke shi aka zaunar a kwamitin fasaha na bankin, ranar da shekarunsa biyar za su cika ita ce ranar da wa'adin zai ƙare. Kafin nan kuwa ba shi da damar rubuta haruffan nan biyar a bayan sunansa. Ya yi shiru yana kallon tabarma.

CISA ta fi sassauci ta wannan fuskar, shi ya sa ni da ita na fara. Ita ma tambayoyi 150 ne cikin awa huɗu, ita ma shekara biyar take nema, amma ana yafe har shekara uku: digirin jami'a na tsayawa a madadin biyu, shekara ɗaya ta aikin kwamfuta ko ta odit na kuɗi na iya tsayawa a madadin ɗaya. Ke nan mai digiri da ya ɗan taɓa aiki zai iya kammalawa da shekara biyu na ainihin bincike, ko tsaro, ko kula da matakan kariya. Fannoninta biyar ne, ɗaya daga ciki shugabanci da gudanar da fasaha ne, saboda haka mai burin CGEIT bai yi asarar karatunsa ba. Sauran sun shafi yadda ake bincike, sayen tsari da girka shi, tafiyar da aiki da farfaɗowa bayan masifa, da kare bayanai. Rabin abin da ke ciki ɗan yayana yana yinsa kullum bai san sunansa ba. Duk ranar da ya kwafe bayanan banki ya adana a wani wuri, ko ya rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, ko ya hana akawu biyu amfani da kalmar sirri ɗaya, a cikin manhajar karatun CISA yake.

Akwai kuma maganar kasuwa. Waɗanda suka taɓa samun CISA a duniya sun haura 150,000, masu CGEIT ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Wasu na ɗaukar ƙarancin a matsayin daraja, kuma da gaskiyarsu in kana neman kujerar shugaban sashen fasaha ko mai ba daraktoci shawara. Amma a tallace-tallacen aikin da nake gani na bankuna da kamfanonin odit a ƙasar nan, CISA ce ke fitowa a kai a kai. Mai tace takardun neman aiki ya san ta. CGEIT a hannun ɗan shekara ashirin da takwas da bai taɓa zama a taron daraktoci ba, kamar rawani ne a kan yaron da bai fara gemu ba: za a duba, amma ba da irin kallon da yake so ba.

CRISC tana tsakani. Shekara uku take nema, babu yafiya, a kan aikin gano haɗarin fasaha da magance shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawarta shugabanci ne, kuma tunaninta ya fi na CISA kusa da na CGEIT, don ita ma tambayarta ita ce wace kasada ma'aikata ta yarda ta ɗauka, wace ce ta fi ƙarfinta. Ga wanda ke banki tana da amfani na nan take. A 2022 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga ƙananan cibiyoyin kuɗi, har da bankunan al'umma, suka fara aiki a Janairun 2023, kuma a wuyan daraktoci suka rataya alhakin. A 2023 ɗin kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Ma'ana ko ƙaramin banki mai reshe biyu yanzu yana buƙatar wanda zai rubuta masa rajistar haɗari ya kai rahoto sama. Wanda aka riga aka ba wannan aikin, CRISC ce tasa. Wanda ba a ba shi ba tukuna, CISA ta fi buɗe ƙofa. CISM ta masu shugabantar sashen tsaro ce, ba ita muke magana ba.

Sai ƙaramarsu, jarrabawar matakin farko ta COBIT 2019. Tambayoyi 75, awa biyu, a ci kashi 65 cikin ɗari. Ba ta neman shekara ko ɗaya ta aiki, kuɗinta dala 175. Ba za ta sa a ɗauke ka aiki ita kaɗai ba, kada wani ya ruɗe ka. Amfaninta shi ne tana koya maka harshen da sauran ukun ke magana da shi, ta kuma nuna maka da araha ko harkar ta dace da kai. Na san mutanen da suka karanta babi biyu suka gane su dai a bar su da wayoyi da saba, takarda da taro ba nasu ba ne. Gara ka gane haka a kan dala 175 da ka gane a kan bijimi. Wasu kan haɗa ta da ITIL 4, wadda ta wata ƙungiya ce daban, PeopleCert: tambayoyi 40 cikin awa ɗaya, ana neman 26. ITIL ta fi kusa da aikin yau da kullum, yadda ake karɓar koke a warware shi, amma gudanarwa ce ba shugabanci ba, ta kuma fi tsada.

Yanzu kuɗi. Manyan ukun farashinsu ɗaya: dala 575 ga ɗan ƙungiya, dala 760 ga wanda ba ɗan ƙungiya ba. In ka lissafa a canjin naira 1,500, na farko naira 862,500 ne, na biyu miliyan ɗaya da dubu 140. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, ke nan ko mai rahusar ya haura albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Bambancin dala 185 ɗin nan ya kusa biyan kuɗin shiga ƙungiyar na shekara, ga rangwame a kan littafin bita da rumbun tambayoyi, don haka shiga kafin biya ya fi. Bayan an ci akwai dala 50 ta neman takardar. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne takardar kamar dabba take, ci take kullum: dala 45 duk shekara ga ɗan ƙungiya ko 85 ga waninsa, da awa 20 na ƙarin ilimi kowace shekara, jimillar awa 120 cikin shekara uku. Ka yi sakaci a soke ta. Wanda ya tara uku, uku zai ciyar. In ka faɗi kuma babu ragi, sabon kuɗi za ka biya cif, ka jira kwana 30 kafin zama na biyu, kwana 90 kafin na uku, ba a kuma wuce zama huɗu cikin wata goma sha biyu. Makin cin 450 ne a ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 800. Ba kaso cikin ɗari ba ne, kada ka zauna kana lissafin tambaya nawa za ka iya bari.

Kafin ranar biya, tambayi bankinka ko katinka na naira zai iya biyan dala, kuma nawa ne iyakarsa. Mutane da yawa a nan suke fara cijewa. Kada kuma ka tura kuɗi ga wani a WhatsApp da ya ce zai saya maka da rahusa ko yana da "ainihin tambayoyin". Ban da hasarar kuɗi, in aka kama ka da tambayoyin sata ƙungiyar na iya soke sakamakonka.

Game da karatu, hanya biyu ce: ka shiga aji, ko ka karanta da kanka. Azuzuwan bita galibi a manyan birane suke ko ta intanet da daddare, ga kuɗin aji ga kuɗin data. Ga CISA da CRISC ni ina ganin mai himma zai iya da littafin bita da rumbun tambayoyin ƙungiyar, wata uku zuwa huɗu, awa ɗaya da rabi bayan Asuba kafin gida ya tashi. Sirrin rumbun ba haddace amsa ba ne, karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowace tambaya ne, har wadda ka ci, don ka ga dalilin da ya sa sauran amsoshin uku suka gaza. Sayi littafin takarda in da hali. Ba ya neman caji. CGEIT ce kaɗai nake ganin karatun kaɗaici ba ya isa, don muhawara take so da waɗanda suka taɓa zama inda ake yanke shawara, kuma wannan wani dalili ne na jinkirta ta. Duk jarrabawowin da Turanci za ka yi su, Turanci mai murɗiya, jimla guda ta cika layi uku. Wanda ya san karatunsa na Turanci a hankali yake, ya riƙa gwaji da agogo: minti 240 ga tambaya 150, kowacce minti ɗaya da daƙiƙa 36. Kada kuma ka sa jarrabawa a tsakiyar damina in kana da gona, ko a goman ƙarshe na azumi. Bayan an kai amfanin gona gida ya fi.

Zaɓi na ƙarshe shi ne inda za ka zauna. Ana yi a cibiyar kamfanin PSI, ana kuma yi daga gida, wani yana kallonka ta kyamarar kwamfuta. Na gida ya fi jan hankalin mutumin ƙauye, don babu kuɗin mota babu na masauki. Na gwada, da ƙaramar jarrabawar COBIT, a ɗakin da ke bayan zauren nan. Na cika batirin sola, na sayi data a layi biyu, na roƙi mutan gida a kama yara. Mai sa idon ya sa na zagaya da kyamara ya ga bango huɗu da ƙarƙashin tebur, ya sa na fitar da kalandar da ke rataye. Ina tambaya ta talatin da wani abu sabis ya yi ƙasa, hoton ya tsaya. Kafin ya dawo na jiƙe da gumi. Ban gama farfaɗowa ba wani almajiri ya tsaya a bakin taga ya rangaɗa bara, sai ga saƙo a allo ana tambayata wa ke magana a ɗakin. Na ci, amma da ƙyar na iya tashi daga kujerar. Wannan fa awa biyu ce da dala 175. Awa huɗu da dala 575 ba zan ɗora su a kan sandar sabis guda ɗaya da ke bakin kasuwa ba. Ga manyan ukun, ka duba jerin cibiyoyin PSI tun kafin ka biya, ka zaɓi mafi kusa, ko da Abuja ce ka tafi kwana ɗaya kafin ranar. In dole sai ta intanet, nemi ofis a Kano ko Dutse mai inbata da layi mai ƙarfi, ranar da babu ma'aikata, ka gwada manhajar a kan kwamfutar da za ka yi amfani da ita tun da sauran kwanaki. Ana iya ɗaga ranar jarrabawa kyauta in ka yi haka awa 48 kafin lokaci. Kana gamawa za ka ga sakamakon wucin gadi a allo, na hukuma ya biyo baya cikin kwanakin aiki goma.

Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutanenmu: suna. Dole sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na katin shaidarka. Mu kuwa mutum ɗaya Muhammad ne a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, a katin ɗan ƙasa kuma an maƙala masa sunan garinsu. In suka saɓa ana iya hana ka zama, kuɗin kuma ya tafi.

To wa ya dace ya nufi CGEIT kai tsaye? Daraktan fasaha na jami'a irin ta Dutse ko ta Kafin Hausa, shugaban sashen kwamfuta a ma'aikatar jiha da ya shekara biyar yana kare kasafinsa a gaban manya, babban odita da ke kai rahoto ga kwamitin daraktoci. Irin waɗannan ba sa buƙatar bi ta CISA, sun riga sun yi aikin, suna kawai za a raɗa masa. Kada kuma wani ya ce harkar ta 'yan Legas ce. Hukumar NITDA da ke tsara manufofin fasahar ƙasar nan, ɗan Haɗeja aka naɗa ya shugabance ta a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, kuma Kazaure ta daɗe tana yaye masu ilimin kwamfuta.

Ga ɗan yayana kuwa, abin da muka tsayar shi ne COBIT bayan girbi, CISA baɗi in Allah ya kai mu, CGEIT sai ranar da ya tara abin da zai nuna. Na ce kuma tun yanzu ya je wurin manajansu ya roƙi abu biyu da ba sa cin ko sisi: a bar shi ya riƙa rubuta bayanan taron kwamitin fasaha, in babu kwamitin ya kawo shawarar a kafa, sannan duk lokacin da masu bincike suka zo a haɗa shi da su. Ya buɗe fayil ya riƙa ajiye kwafin duk takardar da sunansa ya fito a ciki, da kwanan wata, don ranar da za a nemi mai sa hannu wataƙila manajan ya daɗe da barin wurin.

Ya ce, "Baffa, to bijimin fa?"

Na ce tumaki biyu sun isa na bana. Sai ya zaro katinsa na ɗan ƙasa daga aljihu, ya buɗe hoton takardar digirinsa a waya, ya jera su a kan tabarma. A ɗaya Abdullahi, a ɗayar Abdullah. Ya ce ranar Litinin zai shiga Gumel ya ji yadda ake gyarawa.